Wa Zan Bar Wa Duna? Masaukin Karnuka Ko Mai Kula Da Shi A Gida

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, mukan tattara iyali mu bar Kaduna zuwa gida Funtuwa, kwana goma ko sati biyu. Haɗa kaya ba wuya. Duna ne aiki. Karen gadi ne ruwa biyu, nauyinsa ya kai kilo 30, kuma babu mai marhabin da shi a gidan kakannin yara. Dole ya zauna.

Na gwada hanyoyin biyu, kowacce ta gasa mini gyaɗa a hannu. Karon farko ɗan ƙanwata na bar wa. "Kawu, ka tafi abinka, ai kare ne," in ji shi. Ashe tsoronsa yake ji. Da sanda yake tura masa kwano daga nesa, bai kwance shi daga sarƙa ba ko sau ɗaya, ya kuma yi ta jibga masa kitse da ƙasusuwan layya don a ganinsa gata ne. Na dawo na tarar wuyan Duna ya saɓule, ga zawo. Shekara ta gaba na kai shi wani asibitin dabbobi mai ɗakunan ajiye karnuka, na biya a gaban kanta, ban leƙa baya ba. Ya dawo da busasshen tari kamar ƙashi ya maƙale masa, kunnuwansa cike da kaska.

Saboda haka kafin ka tambayi farashi, dubi karenka. Tsohon kare, ko mai faɗa da 'yan uwansa, ko wanda ke ƙin cin abinci da zarar an canja masa wuri, barinsa a gida ya fi. Haka ɗan kwikwiyon da bai gama allurorinsa ba: cutar parvo, mai sa amai da zawon jini, a inda karnuka suka taru take yawo, kuma takan kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Amma kare mai shan magani a kan lokaci, ko gwanin tsallake katanga, ko wanda ba ya jin maganar kowa sai taka, masaukin da ke da likita a kusa ya fi masa. Tsawon tafiya ma abin dubawa ne. Kwana uku maƙwabci zai iya. Aikin Hajji na wata guda ya wuce a ce alfarma.

Sai wani abu da mukan manta: idan karen gadi ne, ranar da ka ɗauke shi gidan ya yi tsit, kuma shirun nan sanarwa ce ga duk mai wucewa cewa masu gida sun yi tafiya. Wannan kaɗai ya sa ni yanzu na fi karkata ga barinsa a gida.

To amma a hannun wa? Nan ne wuyar take. A wajenmu mutane da yawa suna ƙyamar kare, wasu don tsoro, wasu don gudun yawunsa ya taɓa musu tufafin sallah, kuma kunya ba za ta bar su su ce maka a'a ba. Kada ka dogara da "ba komai, Alhaji". Gwada shi. Sati biyu kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya, ka sa mutumin ya riƙa zuwa kullum, shi zai zuba abinci, shi zai kwance sarƙa, kai kana tsaye a gefe. Daga baya ka shige ɗaki ka leƙa ta taga. In ya iya shiga ya ɗauko kwanon ruwa ya wanke, karen na kaɗa jela, ka samu mutum. In har kwana na biyar yana ja da baya, nemi wani, ko ka koma batun masauki. Kuma ka biya shi, ko da ɗan'uwa ne. Aikin kyauta ba ka da bakin yi masa gyara.

Rubuta masa komai a takarda ka manna a bango. Abinci sau biyu, irin wanda ya saba, a auna a ƙulla na kowace rana daban, domin canjin abinci farat ɗaya shi ke kawo zawo. Ban da dafaffen ƙashi, yana tsagewa ya huda hanji. Ban da ragowar miya mai albasa, albasa tana lalata jinin kare. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ruwa kuwa, kare kamar Duna yana shan kusan lita biyu a rana, lokacin zafin Maris da Afrilu fiye da haka, don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki. Kwano biyu nake ajiyewa a inuwa, ɗaya na siminti da ba zai iya kifarwa ba. A ƙasan takardar, lambar likitan dabbobi, da ɗan kuɗin ko-ta-kwana.

Idan masauki ka zaɓa, gani ya kori ji. Je ba tare da sanarwa ba, da tsakar rana, ka ce a nuna maka inda karnukan suke kwana. Hancinka zai ba ka rabin amsa. Duba ko rufin kwano ne zalla babu iska, ko kwanonin ruwa a bushe suke, ko akwai kaska a tsagar bango. Tambayi wa ke kwana a wurin, sau nawa ake fito da su su miƙe ƙafa, kuma wa ke aiki ranar Sallah. Babbar alama ita ce katin rigakafi: in ba su nemi ganin naka ba, ba su nemi na sauran ba. Allurar haukan kare da ta haɗin cututtuka irin su parvo a sabunta su aƙalla sati biyu kafin a kai shi, don jiki ya samu lokacin karɓa. Tarin da Duna ya kwaso ma yana da rigakafi, sai ka tambayi likita. A sa masa maganin kaska tun daga gida, ka tafi masa da abincinsa da tsohon buhun da yake kwanciya a kai. In da hali, kai shi kwana ɗaya na gwaji tukuna.

Bana mai gadin layinmu ne zai riƙe Duna. Tun farkon watan nan yake zuwa bayan la'asar. Jiya ina ɗaki na ji ƙarar sarƙa, na leƙa, sai na ga Duna ya kwanta ya miƙa masa wuya, shi kuma ya tsuguna yana duba masa kunne.