Dangi Sun Zo, Abinci Ya Gaza: Kurakuran Da Ake Ta Maimaitawa

Duk gidan da abinci ya gaza ranar da dangi suka zo, magana ɗaya za ki ji daga bakin mai girki: "Wallahi na dafa da yawa, ban san yadda aka yi ba." To, an san yadda aka yi. Tun ranar cefane abincin nan ya gaza, lokacin da aka auna shi da ido. Na san za a ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai kimar da ya sani ita ce wadda ya saba gani kullum. Idon da ya saba da girkin mutum biyar ba shi da masaniya a kan girkin mutum ashirin, duk tukunyar da ta fi ta kullum girma gani yake ta yi yawa.

Kuskuren farko a wajen ƙirga ake yin sa. Ana ƙirga waɗanda aka kira a waya, a manta da waɗanda za su biyo su. Kin gayyaci yayarki, kin rubuta mutum ɗaya, alhali da 'ya'ya uku za ta zo. Kawu ba ya tuƙi da kansa, akwai wanda zai kawo shi, shi ma da cikinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake mantawa da mutanen gidan kansu, da masu taya aiki, da ita kanta mai girkin, kamar su ranar iska za su ci.

Ɗauki biro da takarda, ki rubuta suna-suna. Sannan ki mai da sunayen nan zuwa ciki. Babba ciki ɗaya ne. Yaron da bai kai shekara 10 ba rabi ne. Saurayi ɗan shekara 13 zuwa 20 kuwa ki ba shi ɗaya da rabi, kada ƙanƙantar jikinsa ta yaudare ki, a wannan shekarun ake cin abinci kamar an yi gaba da tukunya. Misali manya 10, samari 4, yara 6: 10 da 6 da 3, ciki 19 ke nan. Ki ɗora kashi 15 cikin 100 saboda mai neman ƙari da baƙon da bai yi sallama tun jiya ba, ya zama 22. Daga nan ki manta da 20, da 22 za ki yi kowane lissafi.

Shinkafa ba ta cika ba da kunya ba, domin tana kumbura kusan ninki uku. Idan ita ce uwar abincin, ni giram 120 na ɗanya nake warewa kowane ciki. Wasu na cewa 80 ko 100 ya isa, kuma ya isa ɗin idan akwai wasu abubuwa masu nauyi a gefe. Ciki 22 sau 120 ya kama kilo 2 da giram 640, sai ki dafa kilo 3 ki huta. Idan babu sikeli, kofin da ke cin mililita 240 yana ɗaukar kusan giram 200, wato kofi 5 kilo ɗaya. Taliya giram 100 ga kowa, ƙunshin giram 500 na mutum 5 ne. Dankali giram 250 kafin a fere, don wuƙa za ta tafi da wani abu. Wake busasshe yana haura ninki biyu idan ya dahu. Ganye kuwa mayaudari ne, kwando guda zai koma ɗan abin da bai cika kwano ba, ki saya fiye da yadda zuciyarki ta yarda.

Yanzu mu zo kan nama, inda mutunci ya fi zubewa.

Ba a taɓa tashi daga wajen cin abinci ana ƙorafin shinkafa ta yi kaɗan kamar yadda ake ƙorafin "ni ban ga nama ba". Mutum zai yafe miki komai ban da wannan, kuma ba zai faɗa a gabanki ba, sai a mota. Kuskuren shi ne lissafi da nauyin ɗanyen nama, kamar abin da aka ɗora a sikeli shi ne zai isa faranti. Nama idan ya ji wuta yana fitar da ruwa da kitse, yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, wani lokaci ya fi haka idan an tafasa kuma an soya. Kilo ɗaya na tsoka zalla zai dawo giram 750 ko ƙasa. Idan da ƙashi aka auna miki, ki sake cire nauyin ƙashin, wanda babu mai ƙoshi da shi. Kaza ta fi kowa wannan ha'inci: wadda aka fige aka gyara ta kai kilo ɗaya da rabi, naman da za a ci a jikinta bayan ta dahu bai kai rabin nauyin nan ba. Ta mutum 4 ce. Masu raba kaza ɗaya ga mutum 10 su ji tsoron Allah, wuya da ƙafa ba rabon baƙo ba ne.

Ga abin da nake bi: tsoka marar ƙashi giram 150 ɗanya ga kowane ciki, mai ƙashi giram 250. Ga ciki 22, kilo 3 da giram 300 na tsoka ke nan, ko kilo 5 da rabi na mai ƙashi. Idan kaji ne, guda 6. Kowace a yanka ta gida 8, ya ba ki yanka 48. Bibbiyu ga kowa 44, saura 4 na ko-ta-kwana.

Kuma ko kin sayi isasshe, aiki bai ƙare ba. Ki tsaya a kan mai yankan, ko ki yanka da kanki, gunduwa-gunduwa daidai wa daida, sannan ki ƙirga su. E, ki ƙirga. Babu abin kunya a ciki, abin kunya shi ne gwaggo ta miƙo faranti ki riƙa lalube a cikin miya da ludayi kina kamo albasa. Nama da nauyi ake sayensa, amma da ƙidaya ake rabonsa. Idan yankan ya bambanta, wani ƙato wani kamar ƙwayar gyaɗa, na farko zai zaɓe manyan, na ƙarshe ya tarar da ɓurɓushi, kilo goma ma ba zai hana haka ba.

Daga nan sai babban laifi, wanda na rasa dalilin da ya sa ake ta yin sa: a juye nama gaba ɗaya cikin miya, a ajiye a tsakiya da ludayi, a ce kowa ya ɗiba. Haba! Mutum biyar na farko ba su san mutum nawa ke bayansu ba, kuma ba aikinsu ba ne su sani. Sun ga tudun nama, sun ɗebi daidai abin da suka gani. Ba zari ba ne, ke kika ɗora musu lissafin da ke ya kamata ki yi. Tsame naman daban, a sa mutum ɗaya mai hankali ya riƙa ɗora wa kowa nasa. Idan an zagaya kowa ya samu, sai a fito da saura a ce ga ƙari. Haka ma sauran abincin, kada a fito da shi duka a tashi ɗaya. Kashi biyu cikin uku ya fita, kashi ɗaya ya zauna a kicin a rufe. Kafin ma a fara rabo, ki zuba na waɗanda ba su iso ba da na masu aiki a kula daban, ki ɗauke ta daga inda ido zai gani. Wanda ya makara sau da yawa shi ne wanda ya fito daga nesa, yunwarsa ta fi ta kowa.

Miya ma ana yi mata ƙwauro. Busasshiyar shinkafa ba ta wucewa a maƙogwaro, idan miya ta ƙare tamkar abincin ne ya ƙare ko da rabin tukunya na nan. Ki ware ludayi biyu ga kowa, kusan mililita 200. Ciki 22 kusan lita 4 da rabi ke nan, ki yi 5. Kada kuma ki ga ta yi ƙasa ki tuttula mata ruwa a ƙurarren lokaci, kowa zai gane. Romon da kika tafasa nama da shi ki adana shi, da shi ake ƙara miya ba tare da ta salance ba.

Akwai wata hanyar da abinci ke gazawa alhali an sayi isasshe, wato a lalata shi a tukunya. Nan ne masu "ninka komai" ke faɗawa rami. An saba kofi ɗaya na shinkafa da kofi 2 na ruwa, sai a ce to kofi 15 zai sha 30. Sakamakon shi ne caɓaɓɓen abu a sama, ƙanzo mai kauri a ƙasa. Dalili kuwa, a cikin kofi 2 ɗin nan ba duka shinkafa ke shanyewa ba, wani kaso tururi ne ke tafiya da shi. Yawan tururin da ke fita ya danganta da faɗin bakin tukunya da tsawon lokacin da ta yi a wuta, ba ya ninkuwa don shinkafa ta ninku. Saboda haka a babban girki ki fara da kofi ɗaya da rabi ga kowane kofi, ki ajiye tafasasshen ruwa a gefe, idan ta nema ki yayyafa. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, cire shi ne ba ya yiwuwa. Ni ma dai na fi son a raba kilo 3 ɗin nan tukunya biyu, ko a dafa ta cikin ruwa mai yawa, a tsane ta tun da sauran ɗan tauri, a mayar a turara a kan wuta kaɗan. Ba kowa zai yarda da ni ba, amma hanyar ba ta ƙonewa.

Ki duba girman tukunyar tun kafin ranar. Kilo 3 na shinkafa idan ta dahu tana cin wajen lita 11, tana bukatar tukunyar da ta kai lita 15 ko 16 don tururi ya samu wurin zagayawa. Wadda aka cika har baki sama zai fito da tsatstsama, ƙasa ya kama. Gishiri da yaji su ma ba a ninka su kai tsaye: idan kin ninka girki biyu, ki sa ɗaya da rabi, ki ɗanɗana, sannan ki ƙara. Wajen suya kuma kada ki cunkusa nama a kasko, zafin mai zai faɗi, naman ya saki ruwa ya koma dahuwa. Kaɗan-kaɗan ake yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Naman da ya daskare yana bukatar kusan awa 24 a cikin firji ga kowane kilo 2 kafin ya saki, ki sauko da shi tun jajibiri, ko kafin nan idan ya haura kilo 2. Babbar tukunya kuma tana daɗewa kafin ta tafasa, ki ƙara awa ɗaya a kan lokacin da kika saba. Abincin da ya makara ba ya isa, domin mutanen da suka yi awa biyu suna jin ƙamshi ba irin cin kullum za su yi ba. Idan kin ga za a makara, ki fitar da 'ya'yan itatuwa ko wani abin taɓawa, musamman ga yara.

Ƙananan kurakurai kuma ga su nan birjik. Yin kala bakwai kowanne ɗan kaɗan: kowa zai so ya ɗanɗani kowanne, mai daɗin ya ƙare a kan mutum takwas, gara kala biyu ko uku wadatattu. Gwada sabon girki ranar baƙi, wannan ganganci ne. Rashin tambaya ko akwai mai ciwon suga, ko mai hawan jini, ko wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai ko kifi: waya ɗaya ta isa. Manyan farantai da ƙaton ludayi suna sa a zuba abin da ba za a cinye ba. Cika wa yara faranti, rabi a ƙasa zai ƙare, a zuba kaɗan su nemi ƙari. Ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowa, idan ana zafi a ninka. A duba gas ko makamashin da ake girki da shi tun da sauran kwana.

Sai masu gudun gazawa su faɗa ɗaya ɓangaren, su dafa na mutum 50 ga mutum 20, su bar shi a tukunya tun hantsi har dare. Dafaffen abinci ba ya son zama tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, a nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Shinkafa ta fi hatsari a nan. Akwai ƙwayar cutar da ke zuwa tun a ɗanyarta, dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farfaɗo ta saki dafin da ɗumame ba ya karya shi. Amai da gudawa ke biyo baya, kuma ba lallai ne ki ji wari ko tsami ba. Abin da za a ci an jima a bar shi da zafinsa, ko a kan wuta kaɗan ko a kula mai riƙe zafi. Ragowa kuwa kada a tura ta firji a cikin babbar tukunya, tsakiyarta za ta kwana da ɗumi. A rarraba ta a faffaɗan mazubi, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5, a rufe a saka. Nama da miya za su kai kwana 3 zuwa 4, shinkafa kuwa ni ba na bari ta wuce washegari, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta, har sai tururi ya fito daga tsakiyarta.