Yadda na dawo da kaifin wuƙata ta ƙarfen S30V

Wuƙar aljihun da nake riƙewa an ƙera ta ne da S30V, wani ƙarfe marar tsatsa da aka ƙirƙira a Amurka, mai ɗauke da sinadaran kromiyom kashi 14 da banadiyom kashi 4 cikin ɗari. Ta ci damina biyu a Bauchi ba ta yi tsatsa ba, kuma kaifinta yana daɗewa ƙwarai. Sai dai ranar Babbar Sallah, bayan na feɗe rago, na yi gangancin sara ƙashi da ita, bakinta ya ɗan ɓalle wuri biyu.

Na kai ta wajen wani mai wasa wuƙa a Kasuwar Wunti. Ya yi ta gogawa a kan dutsensa har gumi ya jiƙe masa riga, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen taurin kai gare shi." Gaskiya ya faɗa, domin banadiyom yana haɗuwa da sinadarin kabon da ke cikin ƙarfen ya zama ƙwayoyi masu tauri fiye da dutsen wasa wuƙa na yau da kullum, shi ya sa dutsen ba ya cin su sosai.

Maganin shi ne farantin wasa wuƙa mai ƙurar daimon, wato lu'ulu'u. Na fara da mai kaushi, ina riƙe bakin a karkace kimanin digiri 20 kowane gefe har ɓallin ya ɓace, na koma mai laushi, na ƙarasa a bayan tsohon bel na fata. Yanzu tana aske gashin hannu, ƙashi kuwa na bar wa adda.