Yadda ake ziyartar gidan wasan Radio City a birnin New York

Baƙi da yawa sukan tsaya a bakin titi su ɗauki hoton fitilun Radio City Music Hall su wuce, alhali ainihin abin kallon yana ciki. An buɗe gidan ranar 27 ga Disamba 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuma har yau yana cikin manyan misalan salon gini da ado da ake kira art deco.

Da farko, yanke shawarar yadda za ka shiga: ko da tikitin kallon wasa, ko da tikitin zagayen da jagora ke yi da baƙi da rana. Ni dai zagayen nake ba da shawara, domin da dare cunkoso zai tura ka kujerarka ba ka ɗaga kai ba. Sayi tikiti a shafin intanet na gidan, ka duba ranar da kyau. Daga Nuwamba zuwa farkon Janairu lokacin wasan Kirsimeti ne, wajen ba masaka tsinke.

Zuwa ba wuya. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin B, D, F da M suna tsayawa a tashar Rockefeller Center, gidan kuma yana kan Sixth Avenue. Riƙe ƙaramar jaka, don ana bincike a ƙofa.

Kafin ka shiga, kewaya ta titi na 50 ka dubi bango. Akwai manyan faya-fayen ƙarfe uku, aikin Hildreth Meière, masu nuna rawa da wasan kwaikwayo da waƙa. Daga nan idonka zai fara sabawa da salon, wanda ya samo sunansa daga baje kolin birnin Paris na 1925: miƙaƙƙun layuka, siffofi masu kusurwa, ƙarfe mai sheƙi da madubai.

A babban zauren shiga ne ya kamata ka fi jimawa. Tsaya a gindin matakala ka kalli ƙaton zanen Ezra Winter da ya mamaye bango, sannan dogayen fitilun da ke rataye. Sai ka sunkuyar da kai. Kafet ɗin da kake takawa zanen kayan kiɗa ne da Ruth Reeves ta tsara, an karkasa su an sake harhaɗawa, sai ka natsu kafin ka gane jita a ciki. Donald Deskey, wanda ya jagoranci adon cikin gidan, ya ƙi bin kwalliyar fadojin Turai da aka saba yi wa gidajen sinima a lokacin. Ya ɗauko alminiyom da gilashi da sauran kayan masana'anta ya mai da su abin ado, kuma wannan ƙarfin halin nasa ne ya fi burge ni.

Idan ka shiga ɗakin kallo, nemi tsakiya ta baya ka fuskanci dandamali. Rufin baka-baka ne, wani cikin wani, suna tafiya suna ƙanƙancewa kamar rana na faɗuwa. Kujeru kusan 6,000 ne, da benaye uku, amma babu ginshiƙin da zai tare wa mutum gani. Tambayi jagora game da dandamalin: kashi uku ne, kowanne yana hawa da sauka da ƙarfin injin ruwa tun 1932. Ka nemi kuma a nuna maka inda ake kaɗa babbar ogan ɗin Wurlitzer, wato kayan kiɗa mai bututun iska, a gefe biyu na dandamalin.

Kada ka raina ɗakunan hutawa da na wanke hannu, su ma da zane-zanensu. Idan zagayen ya kai ɗakin Samuel Rothafel, wanda aka fi sani da Roxy, mutumin da ya fara gudanar da gidan, duba kujeru da teburan da Deskey ya tsara masa.

A 1978 saura ƙiris a rufe gidan saboda asara, sai masoyansa suka tashi tsaye, birnin ya sa cikin gidan a jerin wuraren tarihi da doka ta kare, aka kuma yi masa gagarumin gyara a 1999. Don haka ka bi ƙa'ida: kada ka taɓa zane, ka kuma tambaya kafin ɗaukar hoto, musamman idan ana gwajin wasa. Yawanci akan haɗa baƙi da ɗaya daga cikin Rockettes, wato mata 'yan rawar gidan, a ƙarshen zagayen, sai ka tanadi tambayarka tun da wuri.