Yadda Iyali Za Su Shirya wa Tiyatar Zuciya, da Yadda Za Su Yi Jinya Bayanta

Idan labari ya bazu a Nima ko Sabon Zango cewa za a yi wa wani tiyatar zuciya a asibitin Korle Bu da ke Accra, kafin magariba gidan ya cika da 'yan dubiya, kowa da shawararsa, wani ma da ƙullin maganinsa. Addu'ar da suke kawowa abin so ce, amma abin da iyali suka fi buƙata shi ne sanin abin da za a yi wa mutuminsu da abin da ya rataya a wuyansu, domin likita yakan gama nasa aikin cikin awa uku zuwa shida, na gida kuwa yakan kai wata uku. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 Farfesa Charles Easmon ya yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Ghana, a 1989 kuma Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar zuciya da ƙirji ta ƙasa a Korle Bu.

Da farko a tambayi likita ainihin aikin da za a yi. Idan jijiyoyin da ke ba zuciya jini ne suka toshe, yakan ɗauko wata jijiya daga bangon ƙirji ko daga ƙafa ya ɗinka ta yadda jini zai zagaye wurin, kamar yadda ake haƙa wa ruwa sabuwar hanya idan kwata ta cushe. Idan kuma bawul ne ya lalace, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, wanda a wurinmu sau da yawa ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi a yarinta ne silarsa, to ko dai a gyara shi ko a sa wani. A nan ne ya kamata a zauna a yi shawara sosai. Bawul na ƙarfe yana daɗewa ƙwarai, amma mai shi zai sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ake haɗawa daga jikin dabba ba ya buƙatar haka a mafi yawan lokuta, sai dai yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi saurin gajiya a jikin matashi. Daga saniya ake samo shi ko daga alade, don haka wanda abin ya dama ya yi tambaya tun da wuri, ya tuntuɓi malaminsa kafin ranar aiki. Macen da ke sa ran haihuwa ta faɗa wa likita kai tsaye, domin wafarin yana iya cutar da ɗan tayi.

Makonnin da suka rage kafin aiki ba na zaman jira ba ne. Mai shan taba ya daina aƙalla mako 4 kafin ranar, mai ciwon suga ya daidaita sugansa, wanda za a sa wa bawul kuma ya je a duba haƙoransa, saboda ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta sauka a kan sabon bawul. A zuba duk magungunan da yake sha a leda guda a kai wa likita, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Wasu ana dakatar da su kwanaki kafin aiki, wasu ana ci gaba da su, kuma likita kaɗai ke yanke wannan. A kuma nemi 'yan uwa masu ƙoshin lafiya da za su ba da jini.

Ranar aiki ba a cin abinci aƙalla awa 6 kafin a shiga. Bayan an sa masa maganin barci, ana raba ƙashin tsakiyar ƙirji a tsaye, a mafi yawan ayyuka a haɗa shi da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, sannan a tsayar da zuciyar na ɗan lokaci domin a yi ɗinki a natse. In an gama, ana ɗaure ƙashin da wayar ƙarfe wadda za ta zauna a jikinsa.

Wanda zai fara shiga ɗakin kulawa ta musamman ya daure zuciyarsa. Zai tarar da bututu a bakin mara lafiya, robobi suna fitar da jini daga ƙirji, fuska ta kumbura, hannu da sanyi, na'urori suna ta ƙara. Haka ake fitowa, ba alamar lalacewa ba ce, kuma galibi cikin 'yan awoyi ake cire bututun numfashin. Dattijo yakan rikice na kwana ɗaya ko biyu har ya kasa gane 'ya'yansa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku bugun zuciyarsa yakan hargitse a kwana na biyu ko na uku. A sanar da nas, akwai maganinsu. Idan an ga ana tayar da shi zaune washegari ana sa shi tari da takawa, kada a ɗauka rashin tausayi ne, kwanciya ce ke tara majina a huhu ta kuma daskarar da jini a ƙafa. Ya rungume matashin kai a ƙirji duk lokacin da zai yi tari.

Bayan sallama, wadda takan zo bayan kamar mako guda, fatar waje tana rufewa da wuri har ta yaudari mutum, alhali ƙashin yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. A wannan tsakanin kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5: babu bokitin ruwa, babu dakan fufu, babu ɗaga jika komai kukansa. Kada ya tuƙa mota, kada ya hau babur, ya kuma guji cunkoson motar haya ta trotro. Salla ita ce inda na fi ganin dattawanmu suna taurin kai, domin wanda ya dogara da tafin hannu ya miƙe daga sujada ya ɗora nauyinsa duka a kan ƙashin da bai warke ba. Ya yi ta a zaune a kan kujera yana nuni, addini ya ba shi wannan sauƙin. 'Yan dubiya kuma a taƙaita su, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya.

Mai shan wafarin ba a hana shi miyar ayoyo, kontomire ko zogale ba, amma ganye yana rage ƙarfin maganin, saboda haka ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, kada ya ƙaurace masa wata guda sannan ya cika kwano. Kada ya tsallake gwajin INR, wanda ke nuna yadda jinin ya tsinke, kada kuma ya sayi maganin ciwon jiki a kemis ba da sanin likitansa ba. Batun azumi ma a kai shi gaban likita tun kafin watan ya kama.

Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, jin ƙashin ƙirji yana motsi, haki da kumburin ƙafa da ke ƙaruwa, baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa, duk suna buƙatar a koma asibiti a ranar, ba a jira ranar ganin likita ba. Idan kuwa baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya mutu, a ɗauke shi nan take ko da tsakar dare ne, a tafi da takardar sallamarsa da ledar magungunansa.