Yadda Ake Amfani da Taswira Wajen Zaɓar Mazaunin Ofishin Kashe Gobara

Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, lokacin da dubban shaguna suka ƙone ƙurmus, ya san cewa jinkirin 'yan mintuna yana iya cinye dukiyar da aka shekara talatin ana tarawa. Don haka bai kamata a gina ofishin 'yan kwana-kwana a wuri don kawai gwamnati tana da fili a can ba, alhali taswirar kwamfuta za ta iya nuna inda ya fi dacewa.

A fara da rajistar hukumar kashe gobara, a fitar da kiran da aka samu cikin aƙalla shekara uku, tare da lokacin da aka kira da lokacin da mota ta isa. Da yake yawancin adireshinmu kwatance ne, irin su bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai unguwa, dole a tura ma'aikaci da waya mai GPS ya tsaya a kowane wuri ya ɗauki lambobin da ke nuna inda wurin yake a taswira. Sai a zuba su a manhajar haɗa taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, a ɗora musu taswirar tituna daga OpenStreetMap, wato taswirar intanet ta kyauta, da bayanan yawan jama'a na shirin GRID3, mai tattara irin waɗannan bayanai a taswira.

Babban kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne zana da'ira a kewayen ofishi a ce duk wanda ke cikinta ya samu kariya. Motar kwana-kwana titi take bi, saboda haka da mintuna ake auna tazara. A shiga mota da direba, a riƙe agogo, a bi manyan tituna da asuba, da hantsi, da kuma bayan la'asar lokacin da 'yan kasuwa ke tashi kuma a daidaita sahu suka cika hanya, sannan a rubuta wa kowane titi ainihin gudun da ake iya yi a kansa. Lungunan cikin birni da babbar mota ba ta iya shiga, da hanyoyin da ruwa ke shanyewa da damina, a sa musu alamar rufewa. In ba haka ba kwamfuta za ta bi ta cikinsu ta ba da lissafin da ba gaskiya ba.

Ƙa'idar NFPA 1710, wadda ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka ta tsara, ta ce motar farko ta isa cikin minti 4 na tafiya a kashi 90 cikin 100 na kira. A ganina gara hukuma ta tsayar da ma'aunin da za ta iya cikawa, ta ba wuraren da ake kaiwa cikin minti 5 launi ɗaya, na minti 10 wani launin. Unguwannin da suka rage babu launi su ne ke neman sabon ofishi, amma a fifita inda haɗari ya taru, kamar Kantin Kwari da ke maƙare da atamfa da shadda, da masana'antun Sharaɗa da Bompai, da gidajen mai da na gas.

Daga nan sai a gwada filayen da ake da su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ya fi shigar da jama'a cikin launin minti 5. Kada a yanke hukunci sai an sa wuraren ɗiban ruwa a taswirar, kuma waɗanda aka je aka tabbatar suna aiki kaɗai, domin motar da tankinta ya ƙare tana tsaka da aiki sai ta koma ɗibo ruwa, wutar kuwa tana ci. A riƙa sabunta lissafin duk shekara kafin hunturu ya kama.