Kujera mai ɗumi ta ce wuta ta yi ƙasa: inda muke yin kuskure

A zafin Legas babu mai neman kujera ta ɗumama masa baya, amma da yawa daga cikin motocin tokumbo da ke fitowa daga tashar Tin Can an ƙera su ne don sanyin Amurka da Kanada, kuma da wannan na'ura suke zuwa. Ranar da kwamfutar gwajin mota ta nuna cewa wutar da ke zuwa kujerar ta yi ƙasa, ko mai mota zai tafi Jos cikin hunturu ya danna maɓalli fitilarsa ta kama ta mutu, a nan ake fara ɓarnar kuɗi.

Babban kuskure shi ne a ruga kasuwar kayan mota ta Ladipo a sayo akwatin da ke sarrafa kujerar. Saƙon bai ce akwatin ya lalace ba. Akwatin ne da kansa yake kuka cewa abincinsa bai isa ba. Ka fara da batir: mota a kashe, lafiyayye yana nuna kusan volt 12.6, in an tayar kuma tsakanin 13.5 da 14.7. In bai kai haka ba, altaneta mai cajin batir ko batirin za ka tuhuma, ka bar kujera ta huta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne awon da ake yi ba tare da an kunna ɗumamar ba. Yaron gareji ya cire soket, ya sa mita, ya ga 12, ya ce "Oga, wuta lafiya lau." Ba lafiya ba ce! Waya mai silin tagulla biyu kacal da suka rage za ta nuna maka 12 matuƙar ba a ɗora mata nauyi ba. Ɗumamar kujera tana jan wuta sosai, sai ta fara ja wutar take faɗuwa. Ka bar soket a jone, ka tayar da mota, ka kunna ɗumamar, sannan ka auna daga kan batir zuwa bakin akwatin. In asarar da ke tsakani ta wuce rabin volt, akwai tsatsa ko sakakken haɗi a hanya. Haka za ka yi wa wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda kowa ke mantawa da ita.

Tsatsar nan kuwa tamu ce ta gida. Damina ɗaya a Agege ko Mile 12, ruwa ya shiga ya kwanta ƙarƙashin kafet, bakin soket ɗin da ke ƙasan kujera ya yi kore. A busar da kafet tukuna, in ba haka ba bayan wata guda a sake dawowa. A duba kuma inda waya ke lanƙwasawa duk lokacin da aka ja kujera gaba da baya.

Fiyus in ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Masu naɗa masa waya suna gayyato gobara ne ƙarƙashin soso.

Sai soket mai launin rawaya a ƙasan kujera. Don Allah, Malam, kada mitarka ta taɓa shi, na jakar iska ne, wadda ke buɗewa ta kare mutum lokacin haɗari. Kafin ka ɗaga kujerar ma, cire kan batir ka jira 'yan mintuna.