Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tsarin fayil na filash

Duk ƙarshen zangon karatu sai ɗalibai sun kawo min matsala iri ɗaya a shagona na Samaru: na'urar da suka haɗa mai ajiye bayanai a filash (memorin da ba ya mantuwa ko an ɗauke wuta) ta yi aiki lafiya a kan tebur, an kai ta gona ko bakin rijiyar burtsatse, bayan mako biyu bayanan da ke cikinta sun watse. Bakina ya gaji da bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne ɗora FAT, tsarin fayil ɗin da aka saba gani a katin memori, kai tsaye a kan guntun filash irin W25Q32. Filash ba ya karɓar sabon rubutu sai an goge wurin tukuna, kuma ba a goge ƙasa da 4KB a lokaci ɗaya. Shi kuwa FAT yana da tebur mai nuna inda kowane fayil yake, kuma a wuri ɗaya yake ta sake rubuta shi. Idan aka ɗauke wuta tsakanin gogewa da rubutawa, teburin ya tafi, duk fayilolin sun bi shi.

Ni wannan ya taɓa ci min kuɗi. Na haɗa wa wani mai kiwon kaji a wajen Shika na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, na ajiye saitin zafi a fayil da FatFs, manhajar da ke sa FAT a ƙananan na'urori. Ana cikin kwana na 21 da ƙwai ke buƙata, wuta ta ɗauke da dare, yaronsa ya tada janareto, na'urar ta tashi ba ta san zafin da za ta riƙe ba. Da asuba ya kira ni: "Malam, ƙwan nan duk sun huce." Kiret-kiret na biya, kuma har yau ina jin kunyar haɗuwa da shi. Tun ranar ban ƙara sa komai a filash na NOR (irin su W25Q32) ba sai tsarin fayil na littlefs, wanda kamfanin ARM suka fitar a 2017. Yana rubuta sabon kwafi a wani wurin, sai ya kammala sannan ya saki tsohon, don haka ko wuta ta yanke tsohon yana nan.

Na biyu, kuma nan ne raina yake ɓaci: rubutu ba ƙaƙƙautawa. Kowane ɓangare na irin wannan guntu yana jure gogewa kusan sau 100,000. Ka goge wuri ɗaya duk minti, ko kwana 70 ba zai kai ba. Haba ƙannena, lissafin nan ai ko a bayan takardar rasit za ku iya yinsa! Me ya sa za ka rubuta zafin ɗaki duk daƙiƙa? Ni nakan tara a RAM, memorin wucin gadi na na'urar, in zuba duk minti 15, kuma sai ƙima ta canja nake taɓa fayil ɗin saiti. littlefs yana rarraba rubutu, amma hakan ba izinin ɓarna ba ne.

Sauran ƙanana ne. SPIFFS, wani tsarin fayil na filash ɗin NOR, yana nauyi idan ya kusa cika, ka bar masa sarari ko ka rabu da shi. NAND tsirara, wato filash irin na manyan bayanai marar mai sarrafawa a ciki, a Linux tsarin UBIFS yake so, domin tsohon tsarin JFFS2 sai ya karanta filash ɗin duka kafin ya tashi. Katin memori da eMMC (memorin da ake likawa a jikin allon na'ura) suna da nasu mai sarrafawa a ciki, FAT ko ext4 na Linux za su zauna, amma ka riƙa rufe fayil ko ka kira fsync, umarnin da ke tilasta rubutu ya sauka a memori. Memorin araha na bakin titi kuwa, wani girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne, ka cika shi ka karanta kafin ka yarda.

Kafin kowace na'ura ta bar shagona, ina sa yaron shago ya riƙa zare filogi tana tsakiyar rubutu, sau 50, ina zaune ina duba fayil bayan kowace tashi. Wadda ta faɗi sau ɗaya, ta koma tebur.